Na fita neman giwan ruwa, na dawo da karfasa

Asabar, Yelwan Yauri.

Yau ko shayi ban tsaya sha ba na yi bakin ruwa, saboda kifin robar nan da ƙanena ya kawo min tsaraba daga Legas wata biyu kenan yana cikin jaka, kullum sai in ce gobe. Tsawonsa ya kai tafin hannuna, baya shuɗi ciki fari fat, da ɗan leɓe a gaba wanda ke sa shi nutsewa yana rangaji in ana ja, sai ƙugiya mai baki uku har biyu a ƙasa. Don giwan ruwa aka yi shi, mai haɗiye ƙananan kifaye ɗungurungum.

Dattijon da ke ɗauka ta a kwale-kwale Basarke ne, ya jujjuya abin a hannu ya ce "Malam, wanga ai abin wasan yara na." Na ce Baba bari dai ka gani.

To ya gani kam. Wajen awa biyu muna gefen duwatsu inda ruwa ke da zurfi, ina wurgawa ina naɗowa har kafaɗata ta ƙage, ko taɓawa babu, sau ɗaya ma ya maƙale a wata tsohuwar raga da aka yasar sai da Baba ya sa gora ya ciro min. Rana ta fara zafi na ce mu koma. A hanya muka bi ta gefen ciyawa inda ruwa bai wuce gwiwa ba, na wurga haka nan don haushi, kawai sai na ji fizga! Wlh gabana ya faɗi, a daƙiƙa biyun nan har na hango kaina da irin kifin da ya ci gasar Argungu a 2020, mai kilo 78. Na jawo, ashe karfasa ce, da ƙyar ta ɗara kifin robar tsawo. Baba ya yi dariya har yana tari.

Abin da ya ɗaure min kai, ƙugiyar ba a bakinta take ba, a kumatu ta kama ta. Ta biyu ma haka, ta uku a gefen kai. Ni dai na san karfasa gansakuka da ganye ne yawancin abincinta, me ya haɗa ta da kifin da ko kansa ba zai shiga bakinta ba? Baba ya tsayar da jirgi ya ce in leƙa. Sai ga ramuka a yashi kewayayyu kamar an danna kwano, an share su tas. Ya ce gidajensu ne, nan suke ƙwai, duk abin da ya gitta sai sun kai masa karo, ko da ya fi su girma. Wato ba yunwa ba ce, korar baƙo suke yi, ni kuma na zo ina ta jan baƙo ta ƙofar gida.

Kawara guda ce kaɗai ta ciza da gaske, har ta bar sawun haƙora a fenti.

Cire ƙugiya mai baki uku daga ƙaramin kifi kuwa aiki ne, ka zare baki ɗaya, wani ya kama, ƙayar bayan wata karfasa ta soke ni a babban yatsa, yanzu haka da ɗan ali nake danna waya. Da na kai bakwai Baba ya ce ya isa haka nan, in an kwashe masu gadi ƙwan ya zama na tarwaɗa. Ban so ba gaskiya, lokacin abin ya fara daɗi, amma jirginsa ne.

Uwargida ta leƙa bokiti ta ce "Ina giwar, ko tana tafe a mota?" Ta dai soya su da yaji, yara suka cinye biyar kafin in idar da Magariba.