Kwana 41: yau zuciyar ba ta yi mini musu ba

Jama'a, yau dai abin ya zauna. Bayan na idar da azkar na buɗe littafin da nake rubuta jimlar ƙarfafa gwiwa da nake faɗa wa kaina kullum, na karanta layina da murya, na jira muryar nan ta ciki ta ce "ƙarya kike". Shiru. Karon farko ke nan cikin kwana 41, har sai da na sake karantawa don in tabbatar.

Waɗanda muka fara tare sun san inda na maƙale. Jimlar da na zaɓa tun farko ita ce "Ina son kaina yadda nake." A takarda lafiya lau. Amma da na tsaya gaban madubin sif na furta, sai in ji kamar ɗan dambe yana wa kansa kirari a filin da ba kowa. Shi ma ɗan damben ai akwai kalangu a bayansa, ni kuwa sai ƙarar fanka da muryar Inna a kunnena: yabon kai jahilci. A rana ta tara ƙanwata ta shigo neman caja, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona, ta ce, "Yaya, lafiya kuwa? Ko a kira Malam ya yi miki ruƙiyya?" Kwana uku ban sake buɗe baki ba.

Na ɗauka maimaicin ne bai isa ba, sai na koma tsarin Emil Kuwe, mai harhaɗa magungunan nan na Faransa da ya yi tashe a shekarun 1920: sau 20 da safe, sau 20 da dare. Shi da igiya mai ƙulli ake ƙirga nasa. Ni da yatsu na yi, don ba na son in haɗa wannan da carbina. Abin sai ya ƙara lalacewa. Duk faɗa ɗaya, zuciya ta miƙo shaida ɗaya: jarrabawar shiga jami'a da na faɗi sau biyu, zubin adashen da na makara, atamfar mutane da na ɓata a yanka. Kafin in kai 20 an gama yi mini shari'a, in tashi jiki a sanyaye.

Ashe ba ni kaɗai ba ce. A 2009 Joanne Wood da abokan aikinta a Jami'ar Watalu ta Kanada sun sa ɗalibai maimaita cewa su abin so ne. Masu ganin ƙimar kansu sun ɗan ji daɗi, amma masu raina kansu sai suka fi jin ɓacin rai a kan waɗanda ba su maimaita komai ba. In magana ta yi nisa da abin da ka yarda da shi, gardama kawai take tayarwa. Da na karanta wannan haushi na ji, wallahi, don sati uku na yi ina zargin kaina da rashin himma.

Daga nan na daina faɗin abin da ba ni da shaidarsa, na kuma daina cewa "ni". Wannan na biyun daga binciken Ethan Kross na Jami'ar Mishigan na samo shi, na 2014, cewa yi wa kai magana da suna ko da "ke" yana rage firgici. Layina na yau: "Ke 'yar nan, jiya sau uku kika warware hannun rigar nan ba ki jefar da ita ba. Kina da haƙuri da aiki." Da me za ta musa? Rigar tana rataye a bayan ƙofa. Kuma haka Inna take magana in ta ji daɗinka. Ban taɓa jin ta ce "ina son ki" ba, "sannu da ƙoƙari" take cewa, kuma ya kan kai ni sati.

Littafin nan mai bangon fata da na saya naira 7,000, mai jimlolin Turanci a kowane shafi, har yau ina jin zafin kuɗin. Shafi shida na cika. Ɗan littafin 'yan firamare nake amfani da shi yanzu.

Zaman maimaicin dare ya watse, barci ke kwashe ni da biro a hannu. Maganar fuska da launin fata kuma ban ma taɓa ta ba, don na rasa irin shaidar da ake kawowa a can. Wadda ta samu jimlar da ta zauna mata a wannan, ta taimaka ta faɗa mini yadda ta gina ta.