Laraba a Urushalima

Ƙafafuna sun kumbura, shayin da na haɗa ya huce tun ɗazu, amma ba zan iya kwanciya ban rubuta wannan ba.

Da safe Dutsen Zaitun, sai Getsamani. Cunkoso, rana, waƙa. Lafiya lau.

Bayan azahar aka kai mu gidan tarihi na Isra'ila. A fili, kusa da farar kubbar da ake ajiye naɗaɗɗun littattafan Tekun Gishiri, sai ga Urushalima sukutum a shimfiɗe ƙasa da mu, kamar yadda take a shekara ta 66, shekara huɗu kafin Romawa su rushe ta. An rage komai sau 50, kuma da dutsen garin aka sassaƙa. Ga Haikalin Hirudus fari fat da adon zinariya, ga kagarar Antoniya a jikinsa, ga gidajen talakawa a gangare kamar akwatunan ashana. Murna ta kama ni, ina ta zagayawa ina neman tafkin Siluwam, sai ɗaukar hoto nake.

Mai yi mana jagora ya ce wani mai otal, Hans Kroch, shi ya sa aka gina wannan kwatancin birnin don tunawa da ɗansa Yakubu da ya mutu a yaƙin 1948. Farfesa Michael Avi-Yonah ne ya tsara shi daga rubuce-rubucen Yosefus, marubucin tarihin Yahudawa na wancan zamani, da Mishna, tsohon littafin dokokin Yahudawa. A 1966 aka buɗe shi a harabar otal ɗin Holyland, a 2006 aka yanka shi gunduwa-gunduwa aka kawo nan aka harhaɗa. Ni dai wannan yankan ne ya burge ni. Maganar ɗan ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu.

Da aka ce a koma mota, na waiwaya ban ga Goggo ba. Tana can ta dafa ƙarfen shinge, gyalenta ya zame kafaɗa ba ta gyara ba.

Na ce, "Goggo, ki zo mana, mu kaɗai ake jira."

Ta ce, "Me mutumin nan ya ce sunan yaron?"

"Yakubu."

Ta yi shiru. Can ta ce, "Kin duba kuwa? Gari guda, ko mutum ɗaya babu a ciki. Uban ya san abin da yake yi."

Na ce, "Goggo, ai kwatanci ne kawai, ba a sa mutane." Har da ɗan ɗaga murya, don direba ya fara danna oda.

Ta ce, "Haka ɗakin Auta yake. Komai na nan inda ya bar shi."

Sai ta gyara gyale ta wuce gabana.

Shekara uku ke nan da rasuwar Auta, kuma tun da muka taso daga Jos ba ta ambaci sunansa ba sai yau. Yau ɗin ma ni na katse ta saboda odar mota. Da na ba ta ko minti biyar, da wataƙila ta ƙarasa abin da ta fara.

A mota ta miƙo mini dabino kamar ba abin da ya faru. Na karɓa, na kasa ci.

Yanzu tana barci a gadon da ke kusa da nawa. Na bi hotunan nan ɗaya bayan ɗaya: ganuwa, hasumiyoyi, lunguna, kasuwa. Gaskiyarta, ba kowa.

Gobe Baitalami, tashi ƙarfe shida. Zan zauna kusa da ita.