Zarton doguwar sanda da mangwaron gidanmu

Mangwaron da ke tsakar gidanmu a Yelwa ya girme ni. Baba, Allah ya jiƙansa, shi ya dasa shi shekarar da suka tare, kuma har ya bar duniya shi ke kula da askinsa. In an gama shan 'ya'yan, wajen ƙarshen watan Mayu, kafin iskar farkon damina ta fara kwashe kwanukan mutane a Bauchi, sai ya kira yaro mai hawa ya miƙa masa adda, shi kuma ya tsaya daga ƙasa yana nuna masa reshen da zai sare. Da aikin ya dawo hannuna, haka na ci gaba da yi, har shekaran bara.

Ranar ba mangwaron ma ake yi wa aski ba, darbejiyar ƙofar gida ce. Yaron yana sara, reshen da ya taka ya karye, ya faɗo kan tulin yashin da muka sauke don yaɓe. Yashin nan ne ya cece shi, amma hannunsa na dama ya karye daga wuyan hannu. Ni na kai shi asibiti, ni na je na tsaya gaban mahaifiyarsa na yi mata bayani. Kowa ya ce mini tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Na yarda da ƙaddara, amma ni na san ni ne na ce masa ya hau. Tun daga ranar na ɗauki alkawari babu ɗan wanda zai sake hawa bishiya a gidanmu.

Shi ya sa na sayi zarto mai doguwar sanda. Zarto ne mai ɗan lanƙwasa kamar lauje, an kafa shi a kan sandar alminiyom da ake zarewa ta yi tsawo, tawa tana kai mita 4. Kana tsaye a ƙasa kake yanke reshen da da sai an hau. Na ɗauka da zarar ƙafata tana ƙasa haɗari ya ƙare.

A yankan farko na gane ba haka ba ne. Sandar da kanta take jan mutum zuwa ƙarƙashin reshe, domin in ka miƙe ta tsaye ta fi sauƙin riƙewa, nauyinta ba ya karya maka kafaɗa. To in sanda ta miƙe cak, kai kana daidai inda reshen zai sauka ke nan. Reshen da na yanka bai fi kaurin damtsena ba. Kan ganyen ne ya fara taɓa ƙasa, ya lanƙwashe, sai gindin ya yi tsalle ya dawo ya dake ni a kafaɗa. Kwana huɗu ban iya ɗaga hannu sosai a kabbara ba. Da tafin hannu ɗaya ya matsa, a ka zai same ni. Ɗanyen mangwaro yana da nauyin da ido ba ya gani daga ƙasa.

Kawuna, ƙanen Inna, yana da lambu a hanyar Dass, kuma shi yana da irin wannan zarton amma mai inji. Da ya zo duba ni bai yi mini faɗa ba, sai ya ce, "Ɗana, tashi ka ɗauko sandar nan in ga yadda kake tsayawa." Na tsaya. Ya kama rigata ya ja ni baya taku uku, ya kuma matsar da ni gefe, har sandar ta kwanta kamar tsanin da aka jingina da bango. Takardar da ta zo da injinsa ta ce kada karkatar sandar ta wuce digiri 60 daga ƙasa, shi kuwa ma'auninsa ya fi sauƙi: in sai ka ɗaga kai har ƙeyarka ta taɓa wuya kafin ka ga bakin zarton, ka shiga ƙarƙashi, ka ja baya. In ka ja baya sandar ba ta kai ba, reshen ya fi ƙarfin kayan aikinka. Ba a ƙara tsawo da tsani, ba a hawa durom ko katanga, domin hannuwanka biyu suna kan sanda, in ka goce ba ka da abin kamawa.

Shi ne kuma ya koya mini yanka uku, abin da Baba da addarsa bai taɓa yi ba. Na farko daga ƙasan reshen, kamar kamu ɗaya daga jikin bishiya, ka ci kusan kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa. Na biyu daga sama, ɗan gaba kaɗan wajen ganye, har reshen ya karye ya faɗi. Yankan ƙasan nan shi ke hana reshe ya tafi da ɓawo ya yage jikin bishiya kamar an feɗe ta. Saura guntun kututture marar nauyi, sai ka cire shi a yanka na uku, daidai bayan ɗan kumburin da ke gindin kowane reshe. Kada a shafe kumburin nan, daga nan ne bishiya take rufe miki. Da na zagaya mangwaronmu na duba tsofaffin saran adda, na ga wurare biyu da ruwa ya kwanta ya ruɓar da ciki har gara ta samu hanya. Da zarton hannu yankan ƙasa yana da wuya, ina yin sa a hankali. In reshen dogo ne, ba na kayar da shi gaba ɗaya, daga baki nake farawa ina rage shi gunduwa-gunduwa.

Kafin in taɓa sanda yanzu sai na kwashe tsakar gida. Turmi, bokitai, kujerar tsuguno, igiyar shanya, duk abin da zai harɗe ni in ina ja da baya. Masu ƙera injin suna cewa kowa ya nisanta mita 15, mu kuwa tsakar gidanmu gaba ɗaya ba ta kai haka ba, don haka Inna takan tara jikoki a ɗakinta ta rufo ƙofa, ƙanena ya tsaya a zaure ya hana shigowa. Almajiri ko mai tallan ƙosai ba zai san abin da ke faɗowa daga sama ba. Ina sa hular kwanon babur, da tabarau irin na masu niƙa ƙarfe, da riga mai dogon hannu, da takalmi sau-ciki. Garin katako kai tsaye ido yake nufa tunda fuskarka tana sama, kuma mutum in abu ya faɗa masa a ido sakin sanda yake yi bai sani ba. Ruwan mangwaro kuma yana ƙona fata, wasu har ƙuraje yake fito musu. Nakan tsaya in ƙare wa rassan kallo tukuna, ko akwai gidan rina ko zuma, domin girgizar zarto tana tayar da su.

Maganar wayar wuta ita ce wadda ba na sassautawa. Darbejiyar ƙofar gida tana da reshe da ya shiga tsakanin wayoyin layinmu, kuma na ga mutane a unguwa suna cewa ai an ɗauke wuta, a yi maza a sare. Wa ya san lokacin da za a dawo da ita? Ko ba a dawo ba, janareta ko inbatar wani gida da aka haɗa ba daidai ba tana iya turo wuta cikin layin. Sandata alminiyom ce, wuta tana binta kamar waya, ɗanyen reshe da jiƙaƙƙiyar gora ma tana binsu. Manyan layukan nan masu ƙarfin wuta sosai, na 11kV da 33kV, kuwa ba sai ka taɓa su ba, kusantarsu kaɗai ya isa wutar ta tsallako. Reshen nan ban taɓa shi ba. Ofishin masu wuta na je na kai rahoto, suka zo da kayansu suka kashe layin suka sauke shi.

Na ari injin Kawu sau ɗaya. Yana da sauri, amma nauyinsa duka yana can ƙarshen sanda, minti goma sai hannu ya fara rawa, kuma sarƙar da ke yankan ba ta tsayawa nan take in ka saki makunnin. Ga haɗa fetur da baƙin mai, ga man sarƙa. Mai lambu da bishiya hamsin yana bukatarsa, ni mai mangwaro ɗaya da darbejiya ɗaya na hannu ya ishe ni. Da sassafe nake yi, kafin iska ta taso, in na ji wuyana ya ƙage in ajiye in zauna. Ba na cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen a shekara guda.

Askin bana na gama shi makon jiya. Inna ta sa an jera rassan bayan kicin su bushe, ta ware na darbejiya sirara don asuwaki. Saura reshe ɗaya mai kaurin cinyata da ya leƙa kan kwanon maƙwabcinmu. Wannan sai an ɗaure shi da igiya an sauke a hankali, kuma Kawu ya ce in bari sai ya zo ranar Asabar da mutanen lambunsa biyu.