Takardun da suka tsare ni kafin wasana ya shiga kasuwa

Da na gama haɗa ƙaramin wasan bidiyona, na ɗauka abin da ya rage shi ne in ɗora shi a shagunan intanet na Steam da Google Play. Lauyar da na tuntuɓa ta ce in dakata, in fara jera duk abin da ke cikin wasan a jadawali: kowane zane, kowane kiɗa, ƙarar buɗe ƙofa, samfurin haruffa, har injin da na gina shi a kai. A gaban kowanne in rubuta wanda ya yi shi, lasisinsa, da inda takardar shaida take. Gurbi uku suka fito fayau.

Zane ne ya fi ba ni wahala. Na biya mai zane ta banki, muka gama magana a WhatsApp, na zaci kayan sun zama nawa. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, haƙƙin aiki yana hannun wanda ya ƙirƙira shi, kuma ba ya komawa hannun wani sai a rubuce. Rasidin banki shaidar biya ce kawai. Dole na koma muka rubuta yarjejeniya: sunan kowane zane, miƙa mallaka gaba ɗaya a duk duniya, izinin gyarawa da amfani da su a talla, da tabbacinsa cewa bai kwafo daga wani wuri ba. Na bar masa damar nuna su a matsayin samfurin aikinsa. Da yake ya san ina bukata, sai da na ƙara kuɗi. Wannan takarda kafin a fara aiki ake sa mata hannu, ko da ɗan'uwanka ne.

Kiɗan kuwa na ɗauko shi a shafin da aka rubuta "kyauta", ashe lasisinsa CC BY-NC ne, wanda ya hana amfani da shi don kasuwanci. Wasan da ake sayarwa kasuwanci ne, haka ma na kyauta mai talla a ciki. CC0 ba shi da sharaɗi, CC BY yana bukatar ka ambaci sunan mai aikin. Yanzu duk abin da na sauke, ina ajiye hoton shafin lasisinsa da kwanan wata, domin shafuka suna canzawa.

Na uku haruffa. Samfurin da na zaɓa ba shi da ƙ, ɗ da ɓ, na zana su na cusa, alhali lasisinsa bai yarda a taɓa shi ba. Na koma Noto Sans, wanda ke da haruffanmu masu lanƙwasa kuma yana ƙarƙashin lasisin OFL, wanda ya yarda a yi amfani da shi a kuma gyara shi. Injin Godot, manhajar da na gina wasan a kanta, kyauta ne, amma lasisinsa na MIT ya wajabta sa rubutun lasisin a cikin wasan. Jan gicciyen da ke kan akwatin magani ma na mayar da shi kore, domin yarjejeniyar Janiba ta kare wannan alama.

Suna kuma, kafin ka buga tambari, bincika shi a rumbun alamun kasuwanci na WIPO, hukumar kare mallakar fasaha ta duniya, musamman rukuni na 9 (manhajoji) da na 41 (nishaɗi), sannan a cikin shagunan kansu.

A Steam ana biyan dala 100 kan kowane wasa, tana dawowa idan cinikinsa ya kai dala 1,000. Akwai jiran wasu makonni bayan biya, kuma shafin wasan sai ya yi akalla mako biyu a buɗe kafin fitarwa. Valve, kamfanin da ya mallaki Steam, na ɗaukar kashi 30 cikin ɗari. Abin da ban lissafa ba shi ne harajin Amurka. Za ka cike fom ɗin W-8BEN, ko W-8BEN-E idan kamfani ne, kuma da yake Najeriya ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka, ana riƙe kashi 30 na rabonka daga cinikin da aka yi a can. Wasan dala 10 da Ba'amurke ya saya: dala 3 ta tafi shago, 2.10 haraji, 4.90 ce taka. Sunan asusun banki dole ya yi daidai da sunan da ka yi rajista da shi, don haka idan za ka buɗe kamfani a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, buɗe shi tun kafin nan. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani, kuma shi ke raba bashin wasan da dukiyarka, abin da rajistar sunan kasuwanci ba ta yi.

Google Play dala 25 ce sau ɗaya. Sabon asusun mutum ɗaya sai ya yi gwajin kwana 14 da mutum 12 kafin a buɗe masa. Tambayoyin IARC, masu tantance shekarun da wasa ya dace da su, ka amsa su da gaskiya, jini ko caca komai ƙanƙantarsu. Sai bayanan masu wasa. Na rubuta a fom ɗin shagon cewa ba na tattara komai, alhali manhajar tallan da na saƙa tana kwasar lambar shaidar waya. Wannan kaɗai ya jawo ni ƙarƙashin GDPR, dokar kare bayanai ta Turai, da dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023, da COPPA ta Amurka idan wasan na yara 'yan ƙasa da shekara 13 ne. Na cire tallan, na sa wa wasan farashi.