Laraba: biyu ce, ba huɗu ba

Wuta ta zo da asuba, ta ɗauke kafin in gama guga. Ƙafar Umma da sauƙi, har ta sha kunu.

Bayan la'asar Auta ya shigo rungume da laftof ɗin da ya sayo, ta hannu, da kuɗin da yake tarawa tun ƙaramar sallah. Baki har kunne. "Yaya, ƙwaƙwalwa huɗu gare ta, mai shagon ya nuna min da idona." Ya buɗe Task Manager, manhajar Windows mai nuna aikin da na'ura ke yi, ga akwatuna huɗu, kowanne layinsa na hawa yana sauka. Na ce ya duba ƙasa kaɗan. Gaban Cores an rubuta 2, gaban Logical processors 4. Firosesarta, wato sashen da ke yin lissafi, Core i5-7200U ce, fitowar 2016: ƙwaƙwalwa (core) biyu, kowacce tana jan zare biyu, wato layin aiki biyu a lokaci guda.

Bai yarda ba, wai Windows ce ta rikice. Na ɗauko filashina mai Linux, wani tsarin daban da Windows, muka tada ta da shi, na buga lscpu, umarnin da ke nuna bayanan firosesa, amsa ɗaya. A fayil ɗin /proc/cpuinfo an jero su daga 0 zuwa 3, amma lambar core id, mai nuna ainihin ƙwaƙwalwar, iri biyu ce kawai, kowacce ta fito sau biyu.

Na yi masa bayani yadda na sani. Da an kunna na'ura, BIOS, manhajar da ke fara tada ta, ke miƙa wa Windows ko Linux wani jadawali da ake kira MADT, mai lissafa duk wanda za a iya ba aiki. A nan huɗu ne, ba ƙarya. Sai tsarin ya tambayi firosesa da umarnin CPUID, daga lambar kowanne ya gane su waye ke zaune ɗaki ɗaya, wato a ƙwaƙwalwa ɗaya. Na ce masa ya tuna mai shayin bakin layinmu: kafin ruwan wannan ya tafasa yana yanka wa wancan burodi. Mutum biyu na samun biyan buƙata, amma mai shayi ɗaya ne, hannunsa biyu ne. Tun 2002 Intel ke sayar da wannan dabara da sunan Hyper-Threading, tana ƙara sauri, amma ba ta ninka shi.

Ya yi shiru, ya rufe murfin a hankali. "To an cuce ni ke nan, Yaya?"

Na ce a'a, za ta yi masa karatu da rubuta furojet lafiya lau, kuma gaskiya na faɗa. Mai shagon ma ina jin akwatunan ya ƙirga. Amma fuskar da ya shigo da ita ba da ita ya fita ba.

Tuwon dare bai shiga ba. Wata bakwai yaron nan yana hana kansa kuɗin Keke Napep, yana takawa a ƙasa. Da na bar shi ya kwana da murnarsa, gobe in faɗa masa, me zai ragu?

Yanzu sha ɗaya ta wuce. Ina hango hasken allon ta ƙasan ƙofarsa.