Kafin ku kusanci juna: abin da ido ke kamawa da abin da sai gwaji

A Yamai, kafin ɗaurin aure ana binciken asali, ana lissafin lefe, amma maganar lafiyar gaba sai kunya ta rufe bakin kowa. Wannan kunyar tana jawo wahala mai yawa, domin wasu alamomin a fili suke, da za a duba cikin haske kuma da yardar juna.

Ga namiji, a lura da bakin mazakuta: ruwa fari, rawaya ko mai kore-kore da ke ɗiga, musamman da safe kafin fitsari, tare da zafin fitsari. Ciwon sanyi yakan nuna kansa haka cikin kwana 2 zuwa 14. Ga mace, ruwan gaba da ya canza launi ko ya yi wari, jini bayan saduwa ko tsakanin haila da haila, da ciwon mara. Amma farin ruwa marar wari marar ƙaiƙayi halitta ce, kada a zargi baiwar Allah a kansa.

Wanda ya fi yaudarar mutane shi ne tunjere. Galibi gyambo ne guda, zagayayye, mai tauri, kuma ba ya ciwo. Yakan fito kamar mako 3 bayan kamuwa, a gaba, a dubura, ko a leɓe da cikin baki. Bayan mako 3 zuwa 6 sai ya warke da kansa, mutum ya ɗauka ya rabu da shi, alhali cutar ta shiga jini. Daga baya ƙuraje su feso a jiki, har tafin hannu da tafin ƙafa, galibi ba ƙaiƙayi. Mai ciki kuwa, tunjere na iya kashe mata ɗa tun a ciki, ga shi allurar fenisilin tana maganinsa.

A duba kuma ƙananan ƙuraje masu ruwa da ke fitowa a dunƙule su fashe da raɗaɗi, da tsiron fata mai kaushi, da kaluluwa a matsematsi. Idan an ga ɗaya daga cikinsu, a dakata gaba ɗaya. Kwaroron roba ba ya rufe duk fatar wurin.

To amma fata sumul ba shaidar lafiya ba ce, kuma nan ne maganar ta fi nauyi. Mafi yawan masu kalamidiya, wata cutar saduwa mai kama da ciwon sanyi, ba su ganin komai, mata da yawa masu ciwon sanyi ma haka, sai ya toshe hanyar haihuwa a shiru. Sida da ciwon hanta nau'in B suna shekaru a jikin mutum yana ƙiba yana sheƙi. Waɗannan sai gwaji. Ku je tare, CSI (cibiyar lafiya) na unguwarku ko asibiti, ku nemi gwajin jini na sida, tunjere da ciwon hanta B, kowa ya ga sakamakon ɗan'uwansa da idonsa. Gwajin sida na ɗigon jinin yatsa yana iya kasa ganin sabon kamu har kwana 90, don haka in akwai saduwa ta kusa, a maimaita bayan wata 3, kafin nan a riƙa sa kwaroro. A duba ranar lalacewarsa, kada a bar shi cikin zafin aljihu ko akwatin babur, kuma Vaseline da man kaɗanya suna cinye robar har ta fashe. Idan ta fashe kuma ana shakkar sida, akwai maganin kariya na kwana 28, amma dole a fara shi kafin awa 72.

In an gano ciwon sanyi ko kalamidiya, a bar kafson masu talla a tire. Rabin magani ne ke sa cutar taurin kai. Likita ya yi wa mutum biyun magani lokaci guda, ko da ɗaya bai ji komai ba, sannan a haƙura da saduwa kwana 7 bayan kammala shi. In ba haka ba, wanda ba a yi wa ba zai sake mayar wa ɗayan.