Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Ranar da likita ta duba bayan wuyana

A makon jiya na tsaya a inda likitan farko ya rufe fayil ɗina ya ce, "Hajiya, je ki rage kilo 14, sannan ki dawo mu yi maganar magani." Ko minti biyar ban yi a ofishinsa ba. Shekaruna 33 a lokacin, aurena shekara shida, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba.

Na riƙe maganarsa da hannu bibbiyu. Shekara biyu ina horar da cikina da yunwa, in sauke kilo shida, bakwai su dawo. Kunya ta hana ni komawa asibiti. Har yau idan na tuna waɗannan shekarun raina yana ɓaci, domin ba wanda ya gaya mini cewa ƙwan mace ba ya tsayawa jiran ta rame.

Yayata ce ta matsa mini na je wurin wata likitar mata, dattijuwa mai sanyin magana. Ina shiga na nufi sikeli da kaina, don na saba. Sai ta ce, "'Yata, bar wannan tukuna. Sunkuyo in ga bayan wuyanki."

Akwai wani baƙi a wurin da na shekara ina dirzawa, ina zaton datti ne. Ta shafa ta gyaɗa kai. Ta tambaye ni al'ada, na ce sai in yi wata uku ban gani ba. Ta tambayi gashin haɓa. Na sunkuyar da kai, don a ɓoye nake tsige shi, ko maigida bai sani ba.

Bayan hoton ciki da gwajin jini ta faɗi sunan abin da ke damuna: PCOS, wata larura ta rikicewar sinadaran jikin mace da ke hana ƙwai fita yadda ya kamata. Ta ce tun 2003 likitoci suka tsayar da ƙa'ida a wani taro a birnin Rotadam na ƙasar Holan, cewa idan mace ta haɗa biyu cikin alamomi uku, to tana da ita: rikicewar fitar ƙwai, yawan sinadarin maza a jiki, da tarin ƙananan ƙwayaye a ma'ajiyar ƙwai. Ni na haɗa duka ukun. Kusan mace ɗaya cikin goma tana da larurar, da yawa kuma ba su sani ba.

Daga nan ta jawo takarda ta yi mini zane. Jikina, in ji ta, ba ya jin maganar insulin, wato sinadarin da ke daidaita sukari a jini, yadda ya kamata, shi ya sa yake ƙara zubo shi da yawa don sukari ya shiga inda ake buƙatarsa. Wannan yawan insulin shi ke ingiza ma'ajiyar ƙwai ta riƙa samar da sinadarin maza, ya kuma hana hanta yin isasshen sinadarin da ke ɗaure shi. Sai ƙwayayen su fara girma su tsaya a hanya, ba wanda zai nuna ya fito. Yawan insulin ɗin ne ya baƙanta wuyana, shi ne kuma yake sa rage ƙiba ya fi mini wuya. Gwajin sukarina na wata uku ya nuna 6.1. Daga 6.5 ake kiransa ciwon sukari, ni kuwa ina bakin ƙofa.

A nan kuka ya ƙwace mini. Shekara biyu ina zagin kaina da kwaɗayi.

Ba ta ɓoye mini gaskiya ba. Nauyina kilo 92, tsayina mita 1.62, ma'aunin da ake kira BMI ya ba da 35, alhali daga 30 ake lissafa ƙiba. Ta ce a wannan matakin ko dashen ƙwai za a yi, yawanci sai an ƙara yawan allurai, ƙwan da ake samu kan ragu, haɗarin ɓari da hawan jini da sukarin ciki kuma ya fi yawa.

Na ce, "To Likita, in koma in rage 14 ɗin ke nan?"

Ta ce, "A'a. Shekarunki 35 yanzu, ba za mu sake ba lokaci kyautar shekara biyu ba."

Ta ba ni labarin wani bincike da aka yi a Holan, aka wallafa a 2016, a kan mata 577 masu ƙiba da ke neman haihuwa. Rabi aka sa su wata shida na rage nauyi kafin magani, rabi aka fara musu magani kai tsaye. A ƙarshe waɗanda suka jira ba su fi sauran samun haihuwa ba. Abin da suka fi su shi ne, da yawansu sun ɗauki ciki da kansu ba tare da magani ba. Wato rage nauyi yana da amfani, amma bai isa a rufe wa mace ƙofa saboda shi ba, musamman wadda shekaru suka fara ja.

Abin da ta nema a wurina kashi 5 cikin 100 ne na nauyina, bai kai kilo biyar ba, domin ko wannan kaɗai yakan dawo da fitar ƙwai ga mata da yawa. Ta hana ni zama da yunwa. Ta ce in bar abin sha mai zaƙi, in yi tafiyar ƙafa ta minti 150 a mako, in riƙa barci da wuri. Ta rubuta mini metfomin, maganin daidaita sukari, da ƙwayar folik asid, ta ba ni wata uku, ta ce ko na rage ko ban rage ba za mu fara letrozol, maganin sa ƙwai ya fito. Ta zaɓe shi ne saboda a wani binciken Amurka na 2014 a kan mata 750 masu PCOS, kashi 27.5 na waɗanda suka sha shi sun haihu, masu shan kulomifin, wani maganin fitar ƙwan, kuwa kashi 19.1.

Har na miƙe sai ta ce, "Maigidan fa, an taɓa gwada shi?"

Shekara takwas, ba wanda ya taɓa yin wannan tambayar. Ta ce kitsen ciki a jikin namiji yana juya sinadarin maza ya koma na mata, hakan kuma yakan taɓa yawan maniyyi da ingancinsa. Maigidana kuwa ya ajiye teɓa tun shekarar aurenmu ta biyu.

Kwana huɗu ina juya yadda zan faɗa masa. Daren na biyar na ce, "Yaya, likita ta ce tare za mu koma." Ya daɗe yana kallona bai ce uffan ba, sannan ya ce, "Wace rana?"

Metfomin ya wahalar da cikina a makonnin farko, sai da aka rage mini sannan aka riƙa ƙarawa a hankali. Da asuba muke fita tafiya mu biyu. A mako na tara al'adata ta zo da kanta, sikeli ya nuna 88.

Ranar da muka koma, ambulan biyu ne a kan teburin likita. Ta ture nawa gefe, ta ɗauki nasa, ta cire tabarau ta ce, "Alhaji, gyara zama."

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.